Kiɗan Innarku da Na Yi Dako a Bakina

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ba ni yawan rai har na ga jikoki, kuma ya san abin da na daɗe ina riƙe da shi a ciki. Ku 'ya'yana kun tashi kuna jin mutanen Anka suna ce mini Garba na makaɗa. Ke Rabi har da kuka kin taɓa dawowa daga makaranta saboda wannan suna, kika tambaye ni ko gaskiya ne ina zuwa gidan masu goge, na ce miki je ki ci abinci. To yau ga amsarki, ta makara amma ga ta. Gaskiya ne na je, har na gaji da zuwa. Kiɗan nan kuma da kuke sawa a wayoyinku, mai garaya da goge da sarewa, wanda babu waƙa a cikinsa, kada wani ya sake ce muku nawa ne. Ni da ko tafi na yi sai ya saɓa da na jama'a! Innarku ce ta ƙirƙire shi, ni ɗan aike ne.

A lokacin ina malamin gona, ina yawo a babur tsakanin Anka da Bukkuyum da Gummi, ina faɗa da manoma a kan taki da iri. Kakanku Malam Babba, mahaifin Innarku, shi ne malamina tun kafin ya zama surukina, a zaurensa na yi karatu, kuma ko bayan na yi aure kowace safiya sai na durƙusa na gaishe shi kafin in tayar da babur. Mutum ne mai sanyin magana, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, amma maganarsa ɗaya ce. A gidansa ko kiɗan ƙwarya ba a yi, har ranar bikin 'ya'yansa. A wannan gida Innarku ta tashi. Na san tana yawan gunguni a hanci in tana aiki, wani a wajen daka, wani a wajen tankaɗe, wani in tana jan ruwa, amma wace mace ce ba ta yi? Shekara da shekaru ina ji ban taɓa kasa kunne ba.

Shekarar da abin ya faru, ofis sun ba ni rediyo mai kaset don in riƙa sa wa manoma bayanin shuka. Wata safiya a farkon damina na sa mata sabon batir ina gwadawa a tsakar gida, Innarku tana tankaɗen garin dawa tana gunguninta, sai na danna na ɗauka don in tsokane ta. Da na kunna mata na zaci za ta rufe fuska ta ce in kashe. Sai na ga ta ajiye rariya. Ta saurari muryarta kaɗan, sannan ta ɗora wani gunguni daban a kan na rediyon, mai bi ta sama, in na ƙasa ya tsaya shi ya tafi, in ya gangaro sai su haɗu su rabu. Ina tsaye riƙe da buta, ruwa yana zuba a ƙafata ban sani ba. Da kaset ɗin ya ƙare na tambaye ta wannan mene ne, a ina ta koya.

“Ukku na, Malam,” in ji ta. “Tun ina yarinya tare su ka tahiya cikin kaina, ni ko bakina guda na.”

Ranar ta gaya mini abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Ta ce ta daɗe tana zaton cuta ce, har rubutu ta taɓa sha a kai ba tare da ta faɗi na mene ne ba. Ta ce kowace murya ta san mai ita: ta ƙasa garaya ce irin ta maharba da takan ji suna wucewa, ta tsakiya goge ne da ta taɓa jiyowa daga nesa ta saman katanga, ta sama kuwa sarewar Fulani masu kiwo a bayan gari. Burinta ɗaya, ta ji su ukun tare da kunnenta na waje ko sau ɗaya, ta san ko akwai su ko babu. Ni kuwa da rawar kaina na ce ai wannan abu mai sauƙi ne, na san makaɗa a ƙauyukan da nake zuwa, in kai musu kaset kawai. Ta karɓi rediyon ta sa na goge muryarta a gabanta. Ta ce muryarta ba za ta fita ƙofar gida ba, sunanta ma haka, ta kuma faɗi dalili a fili.

“In Baba ya ji, cewa zai yi in bari. In ko ya ce in bari, na bari, har na cikin kaina sai na kashe shi.”

Na san za ta aikata, don na san 'yar wa na aura. Saboda haka hanya ɗaya ta rage, ta koya mini kowace murya da baki, in ɗauka in kai. Kun dai san muryar ubanku. Takan zaunar da ni bayan na karya kumallo ta yi ta maimaitawa, ni ina bi ina ɓatawa, har ta ce kunnuwana don tare hula aka yi su. In na samu na riƙe gutsure ɗaya, sai in haye babur ina gunguninsa ba tsayawa, don na lura da zarar na buɗe baki na amsa gaisuwa ya gudu. Haka nake wuce dattawa a bakin hanya suna ɗaga mini hannu, ni ina muzurai ina ƙugi kamar mai ciwon haƙori. Wata rana na kusa shiga Bukkuyum wani manomi ya sha gabana yana tambayar yaushe taki zai zo, na ba shi amsa, na nemi kiɗa na rasa. Juyawa na yi na koma Anka a cikin taɓo, Innarku ta gan ni ta yi dariya har da hawaye. A gari kuwa aka fara cewa malamin gona ya yi girman kai, wasu suka ce a'a, taɓuwa ce.

Mai garaya Tanko ne, wani tsohon maharbi a Bukkuyum. Da na rera masa, abin da ya fara tambaya shi ne taken wa ne. A wurin makaɗanmu kowane kiɗa da mai shi, na sarki ne, ko na manomi, ko na ɗan kokawa, ana kaɗa shi ne don a kira sunan wani. Na ce wannan ba na kowa ba ne. Ya dube ni ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin kiɗa maraya ba, ga shi kuma duk ramuka, ana tafiya sai a yi shiru ba dalili. Na ce ya bar ramukan yadda suke. Ya kaɗa na ɗauka, na kai gida, Innarku ta ce ya cike rami biyu da son ransa, na koma. Daga nan na ari rediyo ta biyu wurin abokin aikina na tafi Gummi wurin Arzika mai goge. Sai in kunna masa garayar Tanko a rediyo ɗaya, ya goga nasa a kai, ɗaya rediyon tana ɗaukar su duka. Zuwa gidan mai goge a wurin ɗalibin Malam Babba ba ƙaramin abu ba ne, ina ajiye babur ina waige. Muna wannan kai da kawo tun dawa tana tsiro har aka yanke ta.

Na ƙarshe shi ne Buba, wani Bafulatani mai sarewa da ke kiwo a gefen Adabka. Shi bai tambayi taken kowa ba, ya koyi nasa a ƙarƙashin wata tsamiya, shanunsa suna kewaye da mu. Da na kunna masa na mutum biyun ya sa sarewa a baki, sai ga nasa yana faɗawa daidai cikin ramukan nan da Tanko ya yi ta ƙorafi a kai, ko ɗaya bai kuskure ba. Bai kai ƙarshe ba ya cire sarewar, ya dubi rediyon, ya dube ni, ya tambaye ni wane ne ya bar masa wuri tun bai san da shi ba. Na ce ya dai busa. Na sake danna rediyon. Mutum uku da ba su taɓa ganin juna ba, a garuruwa uku, suna amsa wa juna kamar tare suka tashi, kuma duk daga kan matar da na bari a gida tana tsince shinkafa.

Na iso gida bayan la'asar, ku kuna makarantar allo. Na rufe ƙofar zaure na ajiye rediyon a kan tabarma na rage murya. Innarku ta zauna a kan turmi, hannunta duk gari. Garaya ta fara, goge ya shigo, ba ta motsa ba. Da sarewa ta shigo sai ta dafe ƙirji da hannu biyu, garin ya ɓata mata riga. Da ya ƙare tsoro ya kama ni ko mun ɓata.

“Ashe akwai su,” ta ce a hankali. “Ashe ba cuta ba ta.”

Ban taɓa jin girman Allah ya cika mini zuciya kamar wannan yamma ba, ni da na ga gero ya fito daga busasshiyar ƙasa shekara da shekaru. Na zauna ina kallon matar da nake kwana nake tashi da ita, ina jin kunyar kaina da ban san wa ke gidana ba. Ita kuwa da ta share ido sai ta ce goge ya yi gaggawa a wuri ɗaya, kuma akwai wani sabo da ya fara zo mata.

Da a nan abin ya tsaya da babu mai ce mini na makaɗa. Arzika ne ya jawo, kuma ba da mugunta ba. Shi a saninsa wanda ya kawo kiɗa shi ne mai shi, kuma rowa ce makaɗi ya kaɗa taken mutum bai ambace shi ba. Sai ya fara goga nasa kason a wuraren biki yana ɗora kirari a kai, Garba malamin gona, surukin malamai, mai take na kansa. Yana ganin alheri yake yi mini. Maganar ta iso Anka daidai shekarun da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, lokacin da makaɗa da kansu suke rataye kayansu, kowa yana duban abin da maƙwabcinsa ke yi. Wata safiya na je gaisuwa na tarar zauren Malam Babba cike da almajiransa manya, kowa ya sunkuyar da kai. Bai amsa gaisuwata ba.

“Garba, kiɗin ga da a ka ta hwaɗi, naka na?”

Na san in na ce ba nawa ba ne, tambaya ta gaba ita ce to na wa. Ƙarya kuma ba zan iya yi wa malamina ba. Na tuna Innarku a kan turmi da gari a ƙirji.

“Allah shi gafarta Malam, daga gidana ya hito.”

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce to, in tashi, kuma kada in sake zama a zaurensa. Na miƙa hannu bai karɓa ba.

Abin da wannan ya ci mini ba zan ɓoye muku ba, ya yi mini ciwo ƙwarai. Karatuna ya tsaya inda yake. A masallaci na koma sahun baya da kaina kafin a mayar da ni. Ranar sunanka, Bashiru, wani malami aka nemo ya yi addu'a, kakanka ya aiko da rago amma bai taka ba. Innarku tana zuwa gidansu kamar kullum, yana karɓarta da fara'a, bai taɓa yi mata zancen ba. Sau da yawa ta ce za ta je ta faɗa a huta, ni kuma in ce in ta faɗa wahalar da na sha a hanyar Bukkuyum ta tashi a banza ke nan. Haushi nakan ji, wani lokaci har na kanta, amma da ta fara gunguni a bakin rijiya sai in ji na kasa kunne. Muka ci gaba a ɓoye, na roƙi Arzika ya bar kirarin, muka yi wasu kiɗan a hankali, wani lokaci ɗaya tak a shekara guda.

Ƙanena Lawali, baffanku, shi ne ya fitar da shi duniya. Yana karatu a Sakkwato, ya zo hutu ya ji kaset a ɗakina ya nace sai na ba shi. Na tambayi Innarku ta ce ya ɗauka, muddin ba suna. Shi ma bai san na wa ba ne, ya dai san ba zai zama nawa ba. Ya kai shagon intanet aka juye shi a kwamfuta, ya sa shi a wani zaure na intanet da Hausawa na gida da na ƙasashen waje suke haɗuwa suna hira a rubuce, a wurin sunan mai kiɗa ya bar fili. Duk zuwan da zai yi sai ya ba ni labarin abin da aka ce, ni kuma in shiga ciki in sauke wa Innarku. Wani likita a wata ƙasa mai sanyi ya ce ya ji ƙanshin ruwan farko ya yi kuka a wurin aiki. Wasu suka yi ta musu, wannan ya ce wanda ya yi karatun kiɗa a Turai ne, wancan ya ce tsohon kiɗan fada ne da aka manta. Wata malama ta ce a kiɗa na biyu sarewa ta shigo da wuri. Innarku ta yi kwana biyu tana fushi, rana ta uku ta ce matar nan ta yi gaskiya, a gaya mata an gode, kuma ta tura ni Adabka a sake. Ku duba wannan abu! Matar da ba ta taɓa ganin kwamfuta ba tana gyara aikinta da shawarar wata da ke bayan teku, ba wadda ta san sunan wata. Sun roƙi suna har sun gaji, suka riƙa ce masa kiɗan ba suna. Da wayoyi suka yawaita sai ya dawo mana gida da ƙafarsa, samari suna tura wa juna a kasuwar Anka, ina wucewa ina jin sa a aljihun masu babur.

Kakanku ya kwanta ciwon ajali a cikin wata bazara. Innarku ta tare can tana jinya, ni kuwa kullum da hantsi sai in je in zauna a dakalin waje, tunda ba a ce in shiga ba. Wata rana wani ɗan'uwansu ya zo dubiya daga Gummi, yana durƙushe a gaban gado wayarsa ta yi ƙara, kuma kiɗan farko ne, wanda Innarku ta ji tana kan turmi. Ta taga nake jiyowa. Mutumin ya rikice yana lalube a aljihu, sai na ji muryar Malam yana cewa ya bari, kada ya kashe. Aka yi tsit har sarewa ta shigo ta gama zagayenta. Can sai aka leƙo aka ce Malam yana kiran Garba.

Na shiga na durƙusa. Innarku tana gefen gado da kofin kunu, ta sunkuyar da kai. Ya rame sosai, amma idonsa yana nan. Ita ya fara duba.

“Ta ƙasan ga na san ta,” ya ce. “Da ita ki ka shara tun ba ki kai tsawon tsintsiya ba. Na saman ga biyu ban san kina da su ba.”

Kofin ya kusa suɓuce mata. Sannan ya juyo gare ni.

“Kai ko, Garba, ni na koya maka karatu, na san muryarka. Ko akuya ba ta yarda kai ka yi wanga abu.”

Na ce to Allah ya gafarta Malam, me ya sa duk shekarun nan? Ya maida numfashi, sannan ya ce:

“Da ban yi hushi da kai ba, da dole in tambaye ta. In na tambaye ta ba ta yi min ƙarya. In ta hwaɗi, dole in hana ta, kuma ta bari. Sai na ga kai ka iya ɗauka.”

Ya zaro hannunsa daga cikin mayafi ya miƙo mini. Na riƙe shi da hannu biyu, na yi kuka a gaban matata da baƙo ban ji kunya ba. Bai ce ya halatta ba, bai ce a ci gaba ba, bai kuma ce a bari ba, har Allah ya karɓi abinsa a cikin wannan mako.

Bayan rasuwarsa na ce mata yanzu sai a gaya wa Lawali ya rubuta suna a filin nan. Ta ce a'a, mahaifinta ya rufa mata asiri da tsada, ba za ta tone ba tana raye, in ta riga ni in yi yadda na ga dama. Ta riga ni. Tanko da Arzika ma sun tafi, Buba ya yi ƙaura da shanunsa ban san inda yake ba, ni kaɗai na rage da na san hanyar da kiɗan nan ya bi. Kun sha jin sa a wayoyinku a gabanta, tana tuƙa tuwo ba ta ko ɗaga kai, sai dai in an kira ku kun ɗauka da sauri takan ce ku yaran yanzu ba ku da haƙuri, ku kuna zaton faɗan tsufa ne.

Ban taɓa kiran sunanta a gabanku ba, yau zan kira. Saratu 'yar Malam Babba ita ce mai kiɗan ba suna, Allah ya jiƙanta ya jiƙan mahaifinta. Ku gaya wa baffanku ya cike filin. In kuma wayarku ta yi ƙara, don Allah kada ku yi saurin ɗauka, ku bari sarewa ta shigo tukuna.